Kaza Tana Ƙara Girma, Yanka Yana Ƙanƙancewa

A watan Janairun 2022, kamfanin Domino's, wanda ya fi kowa sayar da fiza a Amurka, ya shaida wa masu zuba jari cewa zai taɓa garaɓasarsa ta dala 7.99. Kuɗin yana nan yadda yake, amma fukafukan kaza 10 da ake zubawa a kwali za su koma 8. Ba a rufa wata biyu ba sai ga Carrols, kamfanin da ya fi kowa yawan rassan Burger King a ƙasar a lokacin, shi ma ya ce 'yan dunƙulen naman kazarsa sun sauka daga 10 zuwa 8. Waɗannan biyun sun fito fili sun faɗa. Wasu kuwa sai dai mai saye ya buɗe kwali ya ga abin da ya gani, shi ya sa shafukan TikTok da Facebook suka cika da hotunan cinyar kaza an jera ta kusa da ɗan yatsa, ana tambayar ko ta tattabara ce.

Ƙorafin ya kai ga masu nazarin hannun jari ma sun ɗauki sikeli. A tsakiyar 2024 ma'aikatan bankin Wells Fargo sun sayi kwano 75 na abinci iri ɗaya, shinkafa da wake da naman kaza, daga rassan Chipotle guda 8 a birnin New York, suka auna kowanne. Wanda ya fi nauyi ya kusa ninka wanda ya fi sauƙi, alhali kuɗinsu ɗaya. Shugaban kamfanin na lokacin, Brian Niccol, ya ce ba a taɓa ba kowa umarnin rage hannu ba, amma ya amsa cewa kusan kashi 10 cikin 100 na rassansu sai an sake koya musu yadda ake zubawa.

Abin da ke ɗaure kai shi ne duk wannan yana faruwa ne a zamanin da kaza ta fi kowane lokaci girma tun da ɗan Adam ya fara kiwonta. A 2014 masana a Jami'ar Alberta da ke Kanada, ƙarƙashin jagorancin Martin Zuidhof, sun wallafa wani gwaji mai sauƙin fahimta. Jami'ar tana riƙe da irin kajin 1957 da na 1978 waɗanda ba a taɓa canza musu iri ba. Sai suka jera su da irin kasuwa na 2005, suka ba su abinci iri ɗaya, a ɗaki iri ɗaya, ba tare da wata allura ba. Da suka cika kwana 56, kazar 1957 ta yi giram 905, ta 1978 ta yi giram 1,808, ta 2005 kuwa giram 4,202. Wato ninki huɗu da ɗoriya. To ina naman yake tafiya, tun da ba ya isa kwalin mai saye?

Yadda aka ƙera kazar

Kafin shekarun 1920, Ba'amurke yana kiwon kaza ne don ƙwai. Nama sai idan ta tsufa ta daina yi, ko kuma zakaru sun yi yawa a gida. A 1923 wata mata mai suna Cecile Steele a garin Ocean View na jihar Delaware ta yi odar 'yan tsaki 50, aka yi kuskure aka kawo mata 500. Ba ta mayar ba. Ta yi kiwonsu, 387 suka rayu, ta sayar da su don nama a kan santi 62 kowace laba. Bayan shekara uku kajinta sun kai 10,000, maƙwabta suka bi sahu. Daga wannan yanki masana'antar ta tashi. Alƙaluman majalisar masu kiwon kaji ta Amurka sun nuna a 1925 kaza tana kwana 112 kafin ta kai yanka, nauyinta ɗan sama da kilo 1, kuma tana cin kilo 4.7 na abinci kafin ta ƙara kilo ɗaya a jikinta. Yau kwana 47 ne, nauyi ya doshi kilo 3, abincin kuma bai kai kilo 2 ba.

Juyin gaske ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yaƙin ana rabon naman shanu da ƙa'ida, mutane suka koma wa kaza, sai kantunan A&P, waɗanda suka fi kowa girma a ƙasar a wancan zamani, suka ji tsoron kada ciniki ya faɗi idan nama ya dawo. Suka haɗa kai da ma'aikatar gona aka shirya gasar fitar da "kazar gobe": mai faɗin ƙirji, mai kaurin cinya, mai saurin girma. A zagayen ƙarshe a 1948, masu kiwo 40 kowa ya aiko da ƙwai 720, aka ƙyanƙyashe, aka yi kiwonsu mako 12 a Georgetown ta Delaware, sannan aka yanka aka fige aka jera wa alƙalai. Charles Vantress daga Kalifoniya ya yi nasara da kazar da ya samu ta hanyar haɗa auren irin Cornish da irin New Hampshire. Gonar Arbor Acres ta Henry Saglio kuma ta yi fice da fararen kajinta, kuma farin gashi ya yi wa masu figa daɗi, domin ba ya barin baƙin tsiro a fata. Aka haɗa zakaran wancan da kazar wannan. Jikokinsu ne ake soyawa yau daga Kentaki har Kaduna.

Sunayen nan biyu ba su ɓace ba. Vantress yana cikin Cobb-Vantress, mallakar kamfanin nama na Tyson Foods a jihar Arkansas. Arbor Acres kuma yana hannun Aviagen, mallakar EW Group na Jamus, wanda shi ne mai irin Ross, ya kuma haɗiye kamfanin Hubbard. Waɗannan gidaje biyu su ke riƙe da asalin mafi rinjayen kajin nama da ake kiwo don kasuwa a duniya, a lokacin da ake yanka kaji sama da biliyan 70 duk shekara. Suna ajiye tsatson asali a gonaki masu tsaron da ko baƙo ba ya shiga, suna auna kowace kaza, suna duba ƙashinta da zuciyarta da yawan cinta, su ware 'yan ƙalilan da suka fi. Daga nan a sami kakannin kakanni, sai kakanni, sai iyaye, sai buroila, wato kazar naman da ke zuwa kasuwa, tafiyar da ke cin shekara huɗu zuwa biyar. Zakara ɗaya a can sama yana iya zama kakan miliyoyin kaji. Kuma da yake buroila 'yar aure ce ta layi huɗu, ko ka ajiye ta ta yi ƙwai 'ya'yanta ba za su yi kamarta ba. Dole ka koma ka sake saye.

Akwai maganar da ta yi ƙarfi a bakin mutane, a Amurka da nan gida, cewa allurar girma ake yi wa kajin. Amurka ta hana amfani da irin wannan sinadari a kiwon kaji tun shekarun 1950. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kam an daɗe ana barbaɗa shi a abincin kaji don su yi saurin girma, tun bayan da Thomas Jukes ya gano tasirinsa a ƙarshen shekarun 1940, har Tarayyar Turai ta haramta hakan a 2006. Amma binciken Jami'ar Jihar North Carolina ya nuna kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na canjin girman daga zaɓen iri ya fito, ragowar daga ingancin abinci. Ni a ganina wannan ya fi labarin allura tayar da hankali, domin allura ana iya dainawa gobe, abin da aka dasa cikin jini kuwa yana tare da ɗan tsako tun yana cikin ƙwai.

Kaza biyu, kasuwa biyu

Amsar farko ga tambayarmu ita ce ƙatuwar kazar da ake magana a kanta da kazar da ke cikin bokitin KFC ba ɗaya ba ne. Iri ɗaya ne, amma ba rana ɗaya ake yanka su ba. Ma'aikatar gonar Amurka tana kasa kajin da ake yankawa gida huɗu bisa nauyi. Na ƙasa su ne waɗanda ba su wuce laba 4.25 ba, wato ƙasa da kilo 2 da ransu. Na sama kuwa sun haura laba 7.75, kimanin kilo uku da rabi, wasu ma suna wuce kilo 4. Masu sayar da soyayyiyar kaza mai ƙashi, irin su KFC da Popeyes, ƙananan suke so, waɗanda aka yanka suna da mako biyar ko kusa da haka. Dalilinsu a bayyane yake. Ƙaramin yanka yana nuna har ƙashi kafin ɓawon fulawa ya ƙone. Tukwanen suyarsu da mintocin da aka ƙayyade an tsara su ne a kan wani girma. Sannan babban dalili: su suna sayen kaza da awo, suna sayar da ita da ƙirge. Kaza ɗaya yanka 8 ce, ko ƙarama ce ko babba. Duk giram ɗin da ya ƙaru a kan cinya, mai gidan abinci ya biya kuɗinsa a mahauta, amma ba zai karɓi ko sisi a kansa daga mai saye ba. Don haka duk lokacin da farashi ya matse, hanya mafi sauƙi ita ce a nemi mai kawo kaya ya kawo daga ƙasan ma'aunin da aka yi yarjejeniya a kai. Bokiti yana nan da guda 8, allon farashi bai yi ƙarya ba.

Mai masana'antar yanka kuwa lissafinsa a juye yake. Layin injinsa yana jan kaji 140 a minti ɗaya, wasu 175. Kuɗin ratayewa da figa da fitar da kayan ciki a kan kowace kaza yake, ba a kan kilo ba. In ƙugiya za ta ɗauki kaza, gara ta ɗauki mai kilo 4 da ta ɗauki mai kilo 2. Kuma cin mutane ya canza. A 1962 kashi 83 cikin 100 na kajin Amurka sukutum ake sayar da su. Yanzu bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Sauran ana yayyanka su, ko a zare ƙashi a niƙa a dunƙula, musamman tun da McDonald's ya baza 'yan dunƙulen naman kazarsa na McNuggets a faɗin ƙasar a 1983. Wanda zai niƙa nama ba ruwansa da girman kazar, tsoka yake nema, kuma farar tsokar ƙirji ce mai tsada a wajen Ba'amurke. Sai masu fitar da iri suka bi kuɗi. A gwajin Alberta, rabon da babbar tsokar ƙirji ke ɗauka a jikin kaza ya ƙaru da kimanin kashi 80 cikin 100 tsakanin 1957 da 2005.

Haka masana'antu suka yi ta komawa ga manyan kaji, ƙanana suka yi wuya. An ga wannan ƙarara a 2019. Ranar 12 ga Agusta Popeyes ya fito da sanwicinsa na tsokar kaza don ya ƙalubalanci abokin hamayyarsa Chick-fil-A, aka yi ta layi har kan titi, cikin mako biyu kaya ya ƙare, bai dawo ba sai Nuwamba. Tsokar da za ta zauna daidai cikin burodi, mai laushi, daga ƙaramar kaza take fitowa, kuma kowa ita yake wawa. Kantunan Costco, da ke sayar da gasasshiyar kaza a kan dala 4.99 tun 2009 ba su ƙara ba, kuma suna sayar da fiye da miliyan 100 a shekara, sun rasa matsakaiciyar kazar da za ta shiga tsinken gashinsu, sai suka gina masana'antarsu a Fremont ta jihar Nebraska a 2019, mai yanka kaji wajen miliyan 2 a mako. Ruwa kuma ba ya tsami banza: a 2021 kamfanin Pilgrim's Pride, ɗaya daga cikin manyan masu yanka, ya amsa laifin haɗa baki wajen tsawwala farashi, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 100, kuma kajin da ake kai wa KFC suna cikin cinikin da abin ya shafa.

Batun fiffike kuwa ya fi kowanne nuna iyakar dabarar. Shekara saba'in ana zaɓen iri, kaza har yanzu fiffike biyu gare ta. A Amurka ana raba kowanne biyu, wato guda huɗu ke nan a kaza, shi ya sa "fukafukai 10" a gaskiya rabi-rabi ne guda 10. A ƙarshen makon wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, kaɗai ana ƙiyasta cin wajen guda biliyan 1.4. Idan aka samu nama mai yawa daga kaji kaɗan, ƙirji ya wadata, fiffike ya yi ƙaranci. A 2021 farashin sarinsa ya haura dala 3 a laba, har kamfanin Wingstop, wanda sunansa da sana'arsa duk fiffike ne, ya koma tallar cinya da sunan Thighstop. A shekarar ce kuma Tyson ya amsa cewa wani sabon zakara da ya shigo da shi don kyan namansa ya gaza wajen barbara, ƙwai da yawa ba su ƙyanƙyashe ba, dole aka koma wa tsohon. Zaɓi ɗaya a gona ɗaya ya isa ya girgiza farashi a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330. Abin da ake kira fiffike marar ƙashi ma ba fiffike ba ne, tsokar ƙirji ce aka yanka aka tsoma a fulawa.

Wanda ya biya da jikinsa

Nan ne ya kamata a tsaya, domin a duk cacar bakin da ake yi kan girman yanka, ba kasafai ake tuna wadda aka yanka ba. Ƙashi da zuciya da huhu ba su bi tsoka a gudun da aka sa ta ba. A 2008 masana a Jami'ar Bristol ta Ingila sun duba kaji 51,000 a gonakin kasuwa. A kwana 40 da haihuwa, fiye da kashi 27 cikin 100 suna tafiya da ƙyar, sama da kashi 3 kuma kusan ba sa iya tashi. Kazar da ba ta tashi tana kwana kan ƙirjinta bisa shimfiɗa mai jiƙe da kashinta, fatar ƙirji da gwiwa su ƙone. Wasu ruwa ya taru musu a ciki saboda zuciya ta kasa. Wasu kuma suna cikin ci sai su yi tsalle su faɗi rigingine, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa kiwon buroila a bayan gida a lokacin zafin Afrilu ya san wannan mutuwar.

Iyayensu kuma wahalarsu daban ce. Su dole su rayu fiye da shekara don su yi ƙwai, amma suna ɗauke da jinin ci babu ƙoshi. In aka bar su da abinci za su yi ƙibar da za ta hana su haihuwa ko ta kashe su. Saboda haka ake taƙaita musu, a wasu makonnin girma ƙasa da rabin abin da za su ci da an ƙyale su. Wato an halitta musu yunwa ta hanyar zaɓe, sannan an hana su abin da zai kashe ta. Ban ga yadda mai imani zai ji wannan ya wuce ba. Mu da aka koya wa wasa wuƙa da ɓoye ta daga idon dabba don kada a tsawaita mata azaba, bai kamata tausayinmu ya tsaya ga minti ɗaya na yanka ya manta da kwana arba'in da suka gabace shi ba.

Naman ma ya fara ba da shaida. Tun wajen shekarun 2010 masu yanka suke kokawa da ƙirjin da ke zuwa da tauri kamar an dafa roba, da wanda ke da fararen zane-zanen kitse, da wanda tsokarsa ke warwarewa zare-zare. Cuta ce ta tsokar da ta yi girman da jini ba ya isa ko'ina a cikinta, kuma ta fi yawa a manyan kaji. Ba ta cutar da mai ci, amma ba ta taunuwa, don haka ake karkatar da irin wannan nama zuwa injin niƙa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa masu sanwici ke gudun ƙatuwar kaza.

An yi yunƙurin ja da baya. Faransa tana da tambarin Label Rouge tun shekarun 1960, wanda kazarsa ba a yanka ta ƙasa da kwana 81. A Holan ƙungiyoyin kare dabbobi sun matsa har manyan kantuna suka daina ajiye ɗanyen naman kaza mai saurin girma a kan kantocinsu. KFC na Birtaniya ya sa hannu a 2019 cewa zai koma irin da ke girma a hankali kafin 2026, amma a 2024 ya fito ya ce ba zai cika alkawarin a kan lokaci ba, wai babu isassun kajin a kasuwa. Gaskiya ne kaza mai jinkiri ta fi cin masara, ta fi cin fili, ta fi tsada, kuma talaka ne zai fara jin tsadar. Wannan hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Arhar kaza ta sa nama a bakin miliyoyin yaran da da ba za su samu ba. Amma wanda ya kafa hujja da arhar talaka, bai kamata a same shi yana rage wa talakan yanka a ɓoye ba.

Ƙirge da awo

Adalci ne a faɗi cewa in aka ɗauki dogon zango, abincin gaggawa a Amurka girma ya yi. Wani nazari da Megan McCrory ta Jami'ar Boston ta jagoranta ya kwatanta jerin abincin manyan kamfanoni 10 a 1986 da 1991 da 2016, ya tarar da kwanon abinci da kayan zaƙi duk sun ƙaru da nauyi da gishiri. Ƙanƙancewar ta 'yan shekarun nan ce, bayan annobar korona ta hargitsa ma'aikata da sufuri, yaƙin Yukren na 2022 kuma ya ɗaga farashin masara da man girki. Abinci shi ne kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kaza, don haka duk abin da ya taɓa masara da waken soya ya taɓa cinya.

Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya ƙara kuɗi idan kaya ya yi tsada. Abin da ake tuhuma shi ne zaɓar hanyar da mai saye ba zai lura ba. Kamfanonin sun san ido yana riƙe lambar da ke kan allo, ba ya riƙe nauyin abin da ya ci watan jiya. Mai ƙosan unguwa ma ta san wannan: ƙwaya ɗaya tana nan a kuɗinta na da, cokalin ɗiba ne ya canza. Bambancin shi ne ita kana tsaye a gabanta, kana iya yi mata magana ta yi maka gyara, shi kuwa kamfani mai rassa dubbai yana yanke shawarar giram goma a ofis, ya tara miliyoyi, ba wanda zai tambaya. Shi ya sa nake ganin Domino's da Carrols, da suka ce 10 ta koma 8, sun fi mutunta abokin cinikinsu a kan wanda ya bar 8 a 8 ya sauya kazar.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, sikeli ne. Tun 1 ga Yulin 2024 Faransa ta wajabta wa manyan kantuna su liƙa sanarwa ta wata biyu a kan duk kayan da aka rage wa yawa alhali farashin awonsa ya hau. Sai dai wannan doka ta kayan kanti ce, ba ta shiga kicin ɗin gidan abinci ba. Koriya ta Kudu ce ta taka wannan matakin. A 2025 kamfanin Kyochon, ɗaya daga cikin manyan masu soyayyiyar kaza a can, ya rage kwanon tsokarsa daga giram 700 zuwa 500 ba tare da rage kuɗi ba. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye, gwamnati kuma ta umarci manyan kamfanonin su riƙa rubuta nauyin kazar kafin suya a jikin jerin abincinsu. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan magana, akwai sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifin, da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Abin da zamani ya ƙaro shi ne hanyar tauyewa ba tare da an taɓa mudun ba, ta hanyar sayar da abu da sunan da ba shi da awo: guda, yanka, kwano, babba, matsakaici.

Wannan labari na Amurka ne, amma kazar tana gidanmu. Ɗan tsakon da ake saukewa cikin kwali a Kano ko Zariya ko Jos, daga injinan ƙyanƙyasa na yankin Ibadan ko na Olam da aka buɗe a Kaduna a 2017, Cobb ne ko Ross ko Arbor Acres ko danginsu, kuma kakanninsa da dala aka shigo da su. An tsara shi ne don ƙasar da masara ke da arha, ɗaki ke da fanka da na'urar sanyaya iska, wuta ba ta ɗaukewa. Mu mun karɓi kazar ba tare da waɗannan ba. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, buhun abincin kaji ya yi tashin gwauron zabi, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta yi ta kukan gonaki suna rufewa. Mai kiwon da abinci ya ƙare masa ba ya iya cewa buroila ta jira, ba ta san kiwon tsakar gida ba, sai ya kai ta kasuwa kafin ta cika. A can wajen masu kaji kuma babu sikeli, sai a ɗaga ta a hannu a jijjiga, a latsa ƙirji, a yi ciniki. Mai gashi ya saya da tsada ya raba huɗu ya sayar da kwata, mai gidan abinci ya ɗora yanka ɗaya bisa shinkafa. A ɓangaren daskararriyar kaza, wadda Najeriya ta hana shigo da ita tun farkon shekarun 2000 amma ake fasa-ƙwaurinta ta iyakar Benin, akwai sikeli, sai dai har da ƙanƙarar ake aunawa.

Muna da abin da za mu kama. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta fitar da ShikaBrown don ƙwai. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha daga jinin kajin gida, aikin da Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta shafe shekaru tana yi. Kamfanin Amo Farm ya fito da Noiler, wadda mata da yawa a Arewa suka karɓa domin tana jure zafi, tana tsintar abinci a tsakar gida, tana ba da ƙwai da nama, ko da yake sai ta yi wata uku ko fiye kafin ta kai yanka. Babu ɗayansu da zai kamo buroila a gudu, kuma ba shi ake nema ba. Abin da suke buƙata shi ne kuɗin bincike da ba ya yankewa daga kasafi zuwa kasafi, da injinan ƙyanƙyasa kusa da masu kiwo, don ɗan tsako ya daina kwana a mota daga Ibadan zuwa Sakkwato. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya da sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki kuma suna da hurumin farawa daga manyan gidajen abinci na Abuja da Kano da Legas, waɗanda kajinsu dama da kilo suke sayensu, su ce a rubuta giram nawa ne yanka ɗaya kusa da farashinsa.